Abin da Aka Faɗa wa Tunkiya

A can wani ƙauye, da daɗewa, an yi wata amarya mai tsananin kunya. Ko ido ba ta iya haɗawa da surukinta, wani tsoho da ganinsa ya yi rauni.

Wata rana wani baƙo ya yi sallama da kwalabe a jaka. Ya ce, "Baba, maganin ido ne. Ɗigo ɗaya, sai ka ga allura cikin yashi. Ba sai kuɗi ba, tunkiyar nan ta isa."

Tsoho ya ce, "'Yar nan, kwanto masa ita."

Amarya kuwa tun da safe ta riga ta hango mutumin ta kafar zana yana cika kwalaben a kududdufi. Ta rasa yadda za ta yi. Ta yi magana? Ina, a gaban suruki! Ta yi shiru? Ga tunkiya za ta tafi, ga ido zai lalace. Ta kwance igiya, ta sake ɗaurewa. Ta kwance, ta sake ɗaurewa.

Can sai ta durƙusa, ta kama kunnen tunkiya, ta ce da ƙarfi, "Ke kam kin shiga uku, za a ba da ke a kan ruwan kududdufi."

Da tsoho ya ji haka, sai ya ce, "Malam, fara ɗigawa a naka idon mu gani."

Baƙo ya ce ya manta wani abu a waje. Har yau bai dawo ba.

Da yamma tsoho ya lallaba har turke, ya shafa tunkiya, ya ce, "Ki ce mata na gode."