Sandar Malam Hamma

Ranar Talata a kasuwar Mafara, Taibatu na jan sandar mahaifinta Malam Hamma, makahon dillalin shanu, sai ga wani saurayi ya yi tsaye ya ƙura wa sandar ido. Wai sanda! Mai riƙon yake kallo.

Sharhabilu ke nan, injiniya ɗan Bakura, mai haɗa rada, na'urar nan da ke hana mota buge mutum. Kafin damina ta sauka soyayya ta yi nisa.

"Hasken idona, yaushe zan turo magabata?" ya rubuto mata.

"Kada ka turo, Injiniyana. In na koma Bakura, wa zai ja Baba?"

Malam Hamma ma ya yanke: Hayatu ɗan ƙanensa zai ba, don shi a gidan zai zauna da ita. Daga nan Sharhabilu ya yi ɗif. Taibatu ta ci kuka, ta ɗauka ya haƙura.

Wata rana da hantsi sai ga sallamar Sharhabilu. Ta laɓe bayan zana. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa wa tsohon sanda, an ɗaura mata wani abu kamar akwatin ashana.

"Baba, wasu gajerun igiyoyi take aikawa, ido ba ya ganinsu, su bugi abu su dawo. In icce ne, za ta ɗan girgiza hannunka. In mai rai ne, har numfashinsa take bi."

Malam Hamma ya taka. Ya kauce wa turmi. Ya kewaye rago. "Allahu Akbar! Wanga abu gani shikai!"

Sai ya juya wajen zanar, sandar ta hau rawa ba tsayawa.

"Af, ta lalace. Ba kowa nan."

"Baba, tana ratsa zana," in ji Sharhabilu.

Tsohon ya tsaya yana jin numfashin ɗiyarsa a tafin hannunsa, da sauri da sauri.

"Taibatu, hito. Ashe haka kike son shi, kinka ɓoye sabili da ni?"

Ranar ɗaurin aurenta da Sharhabilu ta leƙa ta zaure. Ga Baba can ya nufi masallaci shi kaɗai, yana ratsa babura da awaki, jama'a sai salati suke. Ta dubi tafinta, lalle ya rufe kantar sanda, hawaye ya zubo mata.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya albarkaci hannun da ya huta.