Ƙafar Katakon Barau

Saje Hadi na Gwaram ya ce tun da uwarsa ta haife shi babur bai taɓa kayar da shi ba. Ya ce a fagen yaƙi shi ke kai wa manya saƙo, harsashi ma in ya hango shi kaucewa yake. Ya ce ko an ɗaure masa ido, ƙafarsa ta san inda birki yake. Ba wanda ya ga ranar da aka ba shi saje. Amma yana da takalmin soja, kuma a shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, wannan ya ishi mutum a Gwaram.

Shi ne ya shiga caji ofis ɗin Birnin Kudu da hantsi, yana tafiya a hankali irin ta manya, ya sara wa Sufeto Sada.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya ci Barau."

"Wane Barau?"

"Tsohon soja, mai ƙafar katako. A gangaren rafin Kwandiko. Ina daga nesa ina kallo, yana taka birki, yana takawa, abu ya ƙi kamawa. Birkin a karye yake. Bakanikensa za ku kama."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Bai sara masa ba.

A gangaren, babur na kwance a gindin wata tsamiya, gabansa ya lotse. Can ƙasa a bakin ruwa, ƙafar katako na yashe da takalminta. Mutanen Kwandiko sun yi cirko-cirko daga nesa, ba mai matsowa. Wata tsohuwa na ta faɗin rafin nan duk damina sai ya karɓi nasa. Ruwan ja ne, yana gudu, gabas kuma ta fara haɗa hadari.

Sufeto ya tsuguna ya juya ƙafar. Maɗaurinta na fata ne, bai tsinke ba. An kwance shi ne, a hankali.

Matar Barau, Batulu, tana zaune a ƙasa ta rufe rabin fuskarta. Sufeto ya durƙusa kusa da ita.

"Baiwar Allah, mijinki kan cire ƙafar nan a hanya?"

"Ko a gida sai zai kwanta."

"Ina ya nufa jiya?"

Ta ɗago ido, ta ga takalmin sojan Saje a bayan Sufeto, ta mayar da kai ƙasa. 

"Ban sani ba."

"Saje," in ji Sufeto, "taimaka ka kora min mutanen can baya."

Saje ya tafi da murna, domin ba abin da yake so kamar korar mutane. Batulu ta yi magana da sauri, can ƙasa-ƙasa.

"Tare suka yi yaƙi. Tun da Barau ya dawo daga asibiti, in ya ji muryar mutumin can sai ya ture kwanon tuwo. Jiya ya ce ya gaji da shiru, zai same shi a hanyar Maruta. Yallaɓai, kada ka ce ni na faɗa. Ni kaɗai nake kwana."

Aka kawo bakaniken, Ɗanbala, gumi ya jiƙe masa riga, domin an riga an gaya masa a hanya cewa rataye shi za a yi.

"Kai ka lalata birkin nan?"

"Wallahi shi ya sa ni! Ƙafar dama ce ba shi da ita, birkin baya kuma nan yake. Katako ba ya jin abin da ya taka, sau biyu yana shiga gonar mutane. Shi ne na yanke matakin birkin da zarto, na ja waya na kai birkin hannun hagu."

Sufeto ya matse birkin hannun hagu, ya tura tayar baya da ƙafa. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya zagaya dama. Inda aka yanke matakin saura wani tsinin ƙarfe, tsawon ɗan yatsa. Ƙuda sun lulluɓe shi. Ya kore su. Jini ne ya bushe, da ɗan guntun robar silifa a maƙale.

Ya daɗe yana kallon tsinin. Katako ba ya jini. Mutum mai ƙafa ɗaya kuwa, ba katako, ba sanda, in yana da sauran rai, yana nan inda aka ajiye shi. Iska ta taso, aka yi tsawa ta farko.

"A kai min kowa zauren dagaci. Yanzu."

A ƙofar zauren takalma sun taru kamar kullum. Ɗanbala ya tuɓe nasa. Sufeto ma ya kwance nasa, ya shiga ya gai da dagaci. Saje Hadi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙame.

"Bismillah, Saje," in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, mu soja ba ma cire takalmi a bakin aiki."

"Wane aikin?" in ji Sufeto.

Ya matso kusa da Saje, ya ci gaba.

"Ka ce ka ga Barau yana taka birki."

"Da idona."

"Da wace ƙafar?"

"Ta dama mana. Duk wanda ya san babur ya san nan birki yake."

"Nasa a hannu yake. Barau ya daina taka birki tun rani. Cire takalmin."

Bai cire ba. Kurtu biyu suka zaunar da shi suka zare na dama. Wari ya cika zauren. Tsumman da ya naɗe ƙafar ya manne da jini, tafin a huje, ya kumbura ya yi baƙi.

"Ƙaya ce," in ji Saje.

"Barau yana ina?" in ji Sufeto.

Yayyafi ya fara buga rufin. Sufeto ya sunkuya har fuskarsu ta kusa haɗuwa, bai ɗaga murya ba.

"In ruwan nan ya same shi a inda ka sa shi, igiya ce. In na same shi da rai, gidan yari ne. Zaɓi."

Hadi ya sunkuyar da kai.

"Tsohuwar rijiya... bayan gonar gero, hanyar Maruta. Ni ban yi niyya ba. Cewa ya yi zai faɗa a kasuwa. Ranar da bom ya cire masa ƙafa yana kirana, ni kuma na gudu na bar shi. Jiya na buge shi ya suma, na jefa shi ciki. Na ɗauko babur da ƙafar in jefa a rafi, ina zuwa gangare na taka, na taka..."

Sufeto bai tsaya jin sauran ba.

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya suka isa rijiyar. Sufeto ya leƙa, duhu. Ya kira sunan, ba amsa, sai ƙarar ruwan da ke kwarara ciki ta gefe. Batulu ta kwanta rubda ciki a bakin rijiyar ta ƙwala kira.

Can ƙasa wani abu ya yi tari.

Da guga da igiyar shanu aka fito da shi. Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kwana tsaye kan ƙafa ɗaya, ya jingina da bango. Aka miƙa masa ƙafarsa ya ɗaura da kansa.

Da la'asar aka fito da Hadi daga zauren da ankwa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun kurtu. A bakin mota ya tsaya ya dubi jama'a, ya gyara kafaɗa.

"Ku dai shaida ne, babur na ƙwarai bai taɓa kayar da ni ba."

"Bai taɓa ba," in ji Barau daga inda yake zaune. "Mai dafa mana wake ne a soja. Jiya ya fara hawa."