Hoton Mijin Tsohuwa

A wani gari can da, an yi wata mai wankin hoto a ɗakin duhu cikin gidanta. Ran nan wata tsohuwa ta kawo mata fim ɗin hoton marigayi mijinta, ta ce, "'Yar nan, yi mini shi babba, idona ya yi rauni."

Babban hoto kuwa, in ba a ɗauraye maganinsa sarai ba, koɗewa yake yi. Ga rijiya da nisa. Mai wankin hoton ta ɗebo ruwa, ta ɗauraye, ta zubar. Ta ɗebo, ta ɗauraye, ta zubar. Bayanta ya ƙage, ta ce, "Wash! Ya isa haka, wa zai sani?" Ta shanya shi, ta ba tsohuwa.

Da shekara ta zagayo, sai ga tsohuwa riƙe da hoton, fuskar duk ta koɗe. Ta ce, "'Yar nan, ga shi ya sake tafiya ya bar ni."