Duwatsun Ƙofar Gidan Piriba

Da hannun hagu Wumbei ya fara gaishe ta, kuma Tiyumba ba ta karɓa ba.

Wata Asabar ce gab da faɗuwar damina, 'yan sikawut na unguwar Lamashegu a Tamale sun fito yashe kwatoci. Tiyumba malamar aji huɗu ce, hedimasta ne ya lallaɓa ta ta zo ta riƙe rukunin 'yan mata. Tana isowa da farin takalminta sai ga wani dogo, laka har gwiwa, ƙyalle a wuya, usur na reto a ƙirji, ya miƙo mata hagu yana murmushi.

Ta dubi hannun, ta dube shi. "Malam, a gidanku haka aka koya maka?"

"A'a wallahi, a gida da na sha muciya. Mu sikawut da hagu muke gaisawa, ita ta fi kusa da zuciya."

"Ka riƙe zuciyarka. Ina shebur?"

Ya sheƙe da dariya, ya ba ta nasa. Tun ranar ya laƙaba mata Hajiyar Shebur. Ita kuwa a ranta ta ce, namiji mai daɗin baki irin wannan sai a bi shi a sannu.

Ba laifinta ba ne, tarbiyya ce. Tun tana shekara biyar aka ba da ita riƙo ga Piriba Sanatu, yayar mahaifinta, mai sayar da tubani, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Piriba kuwa ko kaza ce ta cika kallonta sai ta tambayi wanda ya aiko ta. Kullum huɗubarta ɗaya ce: "Wanda ya cika yi miki dariya, ki duba abin da ya ɓoye a ɗaya hannun."

Wata huɗu Tiyumba tana dubawa, ba ta ga komai ba sai kanta. Wumbei mutumin Gushegu ne, gyaran famfon burtsatse yake yi, Asabar da Lahadinsa kuwa ya ba wa 'ya'yan mutane kyauta. Shi ya koya mata kafa tanti, da hura wuta da ashana ɗaya, da ƙulli iri-iri. Ya koya mata alamun hanya da sikawut ke bar wa na baya a daji: kibiyar tsinke, wato biyo nan, kara biyu a gicciye, wato kada ka bi, sai zoben duwatsu da ɗaya a tsakiya, wato na gama, na tafi gida.

Mutum ne mai haukan igiya. Ranar da suka yi zango a dajin kaɗanya, Tiyumba ta kawo tubanin Piriba. Kowa na ci, shi yana juya ɗaurin ganyen.

"Kai, ku zo ku ga gwaninta! Zagaye uku, an tura bakin kabar ta ƙasa, an cije. Ba ƙulli ko ɗaya, kuma ba ya kwancewa. Wa ya ɗaura wannan?"

"Piribata. Ci za ka yi ko karatu?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe."

Da so ya kama su sosai, sai matsala ta fito fili: Piriba ba ta yarda saurayi ya yi wa Tiyumba sallama a ƙofa. Don haka duk la'asar in Wumbei ya taso daga aiki sai ya biyo ta layinsu, ya tsaya gindin darbejiyar ƙofar gidan, ya jera 'yan duwatsunsa, ya wuce. Sai saƙo ya shigo wayarta:

"Hajiyar Shebur, na biyo. Duba gindin darbejiya. Na tafi gida, amma rabina yana nan wajen."

Ta kan leƙa, ta dawo tana danne dariya ta rubuta:

"Mai Igiya, ka zo ka kwashe rabinka, akuyoyi za su cinye. Ka ci abinci dai?"

Abin da dukansu biyu suka manta shi ne, Piriba ce ke share ƙofar gidan nan kowace safiya.

Kwana na farko ta ce wasan yara ne. Na biyu ta yi tsaki. Da aka kwana bakwai tana sharewa ana sake jerawa, a wuri ɗaya, sai ta ajiye tsintsiya ta kira Azindoo, mai shagon wayoyi na bakin layi. Shi ne wanda ta daɗe tana yi wa Tiyumba sha'awar aurensa, don gidansu katanga ɗaya ce ta raba da nata.

Azindoo ya duƙa ya duba, ya girgiza kai. "Piriba, ni dai ban ce komai ba. Amma ɗan Gushegun nan ne, na gan shi da idona. Kuma an ce kakansa mutum ne mai shige-shige."

Mai ɗorin karaya ne kakan, amma wa ya tambaya?

Ana cikin haka Wumbei ya je gaishe da mahaifinta, Mba Lansah, mutumin da ko zoben azurfa ya gani a hannun yaro sai ya tambayi dalili. Wumbei ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya gaida shi yadda ya kamata. Tsohon ya ji daɗi har ya miƙo masa hannu. Kash! Sabo da tsoro suka haɗu, kafin Wumbei ya ankara ya riga ya ba shi hagu.

Wumbei ya yi ta ba da haƙuri yana bayani, Mba Lansah ya ce kawai, "Ka je, zan yi tunani."

A gida Piriba ta zaunar da Tiyumba. "Kin gani ko? Me ya ɗaura a hannun daman da ba ya so ya taɓa hannun mai salla? Ga duwatsu a ƙofa, ga wata igiya mai ƙulle-ƙulle da na gani a jakarki."

"Piriba, ta koyar da yara ce."

"Yi min shiru! Ke da ko Azindoo ba kya ɗaga ido ki kalla, yau ke ce ke dariya ke kaɗai a madafa. Tuwo ma sai na yi da gaske kike ci. Wannan so ne? An gama da ke, 'yar nan, ba ki sani ba."

Tiyumba ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Gaskiya ne ba ta cin abinci. Gaskiya ne da ta ji ƙarar babur ɗinsa ƙirjinta ke bugawa. Kuma me ya sa tun ranar farko ya zaɓe ta cikin duk matan da ke wurin? Zargi mugun baƙo ne, in ya sami tabarma ba ya tashi. Ta ɗauki waya:

"Wumbei, tsakaninka da Allah, duwatsun nan alama ce kawai?"

An daɗe kafin amsa ta zo.

"Ni na koya miki ma'anarsu da bakina. In ke ma kina tambaya, to na daina jerawa. Allah ya huci zuciyarki."

Ya daina kuwa. Kwana biyar gindin darbejiya wayam, ita kuma ta rasa abin da ke mata daɗi.

Ranar Juma'a da safe aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan an sauko masallaci Mba Lansah ya biyo gidan yayarsa cin abinci kamar yadda ya saba. A gindin darbejiya ƙafarsa ta taki wani abu da ruwa ya tono: ƙunshin baƙin ƙyalle, gashin kaza na leƙowa, an ɗaure da kaba. Daidai inda ake jera duwatsun.

"Inna lillahi! A kira min yaron nan yanzu!"

Wumbei ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya tsuguna a tsakar gida. Azindoo na tsaye bakin ƙofa ba wanda ya gayyace shi. Piriba na zaune can gefe ta sunkuyar da kai. Tiyumba na bayan labule tana leƙe.

Mba Lansah ya tura masa ƙunshin da sanda. "Ka san wannan?"

Wumbei ya ɗauka, ya juya shi sau ɗaya. Tiyumba ta ga fuskarsa ta canja. Ya ajiye a hankali, bai dubi kowa ba.

"Mba, duwatsun ni nake jerawa. Wannan ba ni na binne ba."

"To wa ya binne?"

Shiru.

"Ba ka sani ba ne, ko ba za ka faɗa ba?"

"Ka yi haƙuri, Mba."

Azindoo ya ce, "Ai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake."

Mba Lansah ya miƙe. "'Yata ba za ta shiga gidan tsafi ba. Kada in ƙara ganin ƙafarka a layin nan. Ke Tiyumba, ɗauki ƙazantar nan ki ƙone!"

Wumbei ya fita bai waiwayo ba. Shirun nan nasa ya fi komai yi mata ciwo. Mai gaskiya ai rantsuwa yake yi, ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ashe Piriba ta yi gaskiya? Ta ɗauki ƙunshin da tsinke tana hawaye, ta nufi murhu.

Har ta kai shi bakin wuta, sai sabon da ya koya mata ya motsa: ta duba ɗaurin. Zagaye uku. An tura bakin kabar ta ƙasa. Ga shatin haƙori inda aka cije.

Ta janye shi daga wutar, ta zauna a kan turmi.

Bayan kowa ya watse ta sami Piriba a rumfa tana ɗaura tubanin gobe. Ta ajiye baƙin ƙunshin a jere da ƙunsoshin ganyen. Hannun tsohuwar ya tsaya cak.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Makari ne. Cewa aka yi in binne a inda yake jera nasa, asirin ya karye. Don in tsare ki na yi. Shekara ashirin ke kaɗai gare ni, sai wani ya zo da duwatsu ya kwashe min ke zuwa Gushegu?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba ɗazu?"

"A gaban ƙanena? Ni da nake masa faɗan salla tun yana yawo ba wando?" Ta share ido da gefen zane. "Yaron ai bai san nawa ba ne."

"Ya sani, Piriba. Kallo ɗaya ya yi masa. Ɗaurin nan naki har yaransa na sikawut ya sa suka koya, yana ce musu duk Tamale ba mai hannunki."

"Ya sani, kuma ya yi shiru?"

Wayar Tiyumba ta yi ƙara. Ta duba, ta karanta a fili:

"Hajiyar Shebur, ki yafe min shirun da na yi. Akwai maganar da in na faɗa zan same ki, amma ki rasa abin da ya riga ni zuwa wurinki. Ba zan iya ba. Don Allah ki ci abinci."

Piriba ta ture tubaninta gefe. Sai ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙunshin da hannunta.

"Ina za ki?"

"Gidan ubanki. Ki kula min da wuta."

Abin da yaya da ƙane suka faɗa wa juna, su kaɗai suka sani. An dai ji Mba Lansah na cewa, "Haba Yaya, a shekarunki?" ita kuma tana cewa, "Na ji, na tuba, sai ka aika a kira yaron mutane." Da Wumbei ya zo, tsohon ya sa shi ya jera duwatsun a gabansa ya fassara masa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ka turo manyanka. Amma ni dai da dama za ka riƙa gaishe ni."

A ranar Tiyumba ta rubuta masa:

"Mai Igiya, na zarge ka, kunya ta hana ni kiranka. Ka yafe min?"

"Tun kafin ki tambaya. Amma tararki sai kin yashe kwata biyu ranar Asabar."

Bayan an girbe doya aka ɗaura aure. Azindoo ma ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu. 'Yan sikawut suka jeru a layin da ƙyallayensu, suka haɗa sandunansu sama don amarya ta bi ta ƙasa. Da ango ya tsuguna gaban Piriba, ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa hagu.

"Ungo. An ce ita ce kusa da zuciya. Na ba ka amana, in ta rame ka san ni."

"Na sani sarai, Piriba."

Har an buɗe wa amarya mota, ta ce a dakata. Ta tattare lulluɓinta ta duƙa a gindin darbejiya, ta tsinci duwatsu da hannunta mai lalle, ta jera zobe, ta sa ɗaya a tsakiya.

Piriba ta ce, "Wannan kuma me ya ce?"

Tiyumba ta rungume ta tana kuka. "Ya ce na gama lafiya, Piriba. Ya ce na tafi gida."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Piriba Sanatu kuwa har gobe tana share ƙofar gidanta kowace safiya, sai dai in ta zo gindin darbejiya, kewayewa take yi da tsintsiyar.