Gyaɗar Tulun Kaka

A Kurawa, can ƙasar Sabon Birni, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Yarinya ce mai ladabi, ba ta da ƙiwa. Matsalarta ɗaya ce: ba ta son a ce ta gaza a gaban ƙawaye.

Ƙawayenta uku ne, Saude da Tani da Ruƙayyatu. Duk ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo, sukan taru a zauren su Saude bayan la'asar. Yayan Saude, Amiru, ya ara musu wayarsa. Su jingina ta da bango, su haɗa kai, su kalli fim ɗin ban tsoro.

Kada ka ɗauka jarumai ne. Ruƙayyatu ta cikin hijabi take kallo, da ido ɗaya. Tani kuwa da ƙofa ta fara buɗe kanta a fim, sai ta damƙe hannun ta kusa da ita. Amma bari fim ya ƙare, ka ji baki.

"Wanga dodo ba dodo ba ne," in ji Saude. "Mutum ne aka shafa ma gari. Na ga agogo a hannunshi."

"To mi ya sa kika ɓoye bayana?" in ji Tani.

"Ƙaiƙayi bayanki ke yi, na taimaka maki."

Sai su kwashe da dariya. Daga nan kowace ta ba fim maki, daga ɗaya zuwa biyar. Ruƙayyatu kullum biyar take bayarwa, ko da rabin fim ɗin ba ta gani ba.

Suna da doka guda. Kowane mako ɗayarsu ce za ta kawo abin taɓawa. Saude ta kawo ƙuli-ƙuli. Tani ta kawo goriba. Ruƙayyatu ta kawo magaryar da ta tsinko wajen kiwon awakinsu. Saura Auta.

To, lokacin fari ake ciki. Shekara biyu ke nan damina ba ta yi kirki ba. Geron bara a tsaye ya bushe. A gidan su Auta kunu ake sha da safe, sai tuwo sau ɗaya.

Ta je wurin mahaifiyarta. "Inna, ko akwai ɗan abin da za ni kai ma ƙawayena?"

Inna ta dube ta da tausayi. "Ɗiyata, kin ga dai yadda gidan yake. Ki faɗa masu gaskiya. Ba su ƙin ki don wanga."

Auta ta ce to. Amma zuciyarta ba ta ce to ba.

A kusurwar ɗakin kakarta, Hajo, akwai wani tsohon tulu. An toshe bakinsa da tsumma, an kifa kasko a kai. Auta ta san gyaɗa ce a ciki, da ɓawonta, an cuɗe ta da toka don ƙwari. Ta kuma san ba a taɓawa.

Ranar Alhamis Kaka ta tafi barkar haihuwa. Auta ta shiga ɗakin. Ta cika ɗan kwano, ta mayar da tsumma da kasko yadda suke.

"Kaɗan ce," ta ce a ranta. "Ba mai ganewa."

A gidan su Tani suka soya ta cikin yashi. 'Yar ƙarama ce, ja, ga zaƙi kamar an sa mata sukari.

"Ke Auta, ina kika samo wagga gyaɗa?" in ji Saude, baki cike.

"Kaka ta ba ni."

Ƙarya ta biyo bayan sata ke nan. Ran nan fim ɗin wata akuya ce mai magana da muryar tsoho. Saude ta ba shi maki biyu, ta ce akuyar ta fi kama da mai jin yunwa. Gyaɗar kuwa dukansu biyar suka ba ta.

Yabon nan shi ya ja Auta. Kanta ya yi girma. Mako na gaba ba ita ke da kawowa ba, amma ta kawo. Na bayansa ma haka. A karo na huɗu sai da hannunta ya shige tulun har kafaɗa kafin ta taɓo gyaɗa.

Wata Laraba da yamma, Kaka tana yi mata kitso a tsakar gida. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi gabas. Babu ko ɗigon girgije.

"Ruwa ya yi jinkiri bana ma," in ji Kaka. "Amma ko ya makara, muna da abin da ke cikin tulu."

Ta ci gaba da kitson tana magana.

"Kin san gyaɗar can? Uwata ta zo da irinta daga Alkalawa, ƙulle a bakin zane. Ba ta son ruwa da yawa, kuma tana saurin nuna. Shekarar babbar yunwa ina kamar ke. Har dussa muka ci. Na yi kuka, na roƙi uwata ta soya muna ko tafi guda. Ita ma kuka ta yi, amma ta hana. Da ruwa ya dawo, gyaɗar nan ita ta tashe mu."

"Kaka, wasu ba su da irinta?"

"Da akwai. Farin nan ya sa duk sun cinye tasu. Tamu kaɗai ta rage, iyakar sanina."

Can Kaka ta ce, "Mi ya sa kike rawar jiki? Na ja maki gashi?" Auta ta ce a'a.

Washegari aka taru kallo. Tani ce ta kawo aduwa. Fim ɗin ranar ya fi na kullum ban tsoro, har Saude ta daina surutu. Auta kam ko gezau. Idonta na kan waya, hankalinta na cikin tulu.

"Nawa kika ba shi?" in ji Tani da aka gama.

"Ban sani ba."

Ruƙayyatu ta leƙa fuskarta. "Auta, lafiya? Ko aduwa ba ki taɓa ba."

"Kaina ke ciwo," ta ce, ta tashi ta tafi gida. Ta ga dodanni iri-iri a waya, amma ba wanda ya taɓa tsorata ta kamar tulun nan.

Ranar Litinin, da aka tashi daga makaranta, ta tsaya a bakin aji. Malaminsu, Malam Lawwali, yana haɗa littattafai.

"Malam, in irin shuka ya ƙare, ana samun shi a kasuwa?"

"Wani ana samu. Wani kuwa gida guda ke da shi. In ya ƙare a gidan, ya tafi ke nan." Ya ajiye littattafan ya dube ta. "Wagga tambaya ba ta darasi ba ce. Mi ya faru?"

Sai hawaye. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Malam bai daka mata tsawa ba. Ya ce, "Kin yi kuskure babba. Amma akwai saura a tulun?"

"Kaɗan."

"To ki je ki faɗa yau, tun ruwa bai sauka ba. Kakarki ta dogara da tulu cike. In ta sani da wuri, za ta san dabarar yi."

"Malam, tsoro nike ji."

"Na sani. Ki je da tsoron naki."

Auta ta sami Kaka da Inna da Baba a inuwar rumbu. Ta durƙusa. Ta ce, "Kaka, na ci gyaɗar tulu. Sau huɗu na ɗiba. Na ce ma ƙawayena ke kika ba ni."

Baba ya miƙe tsaye. "Gyaɗar iri? Don kallon fim?"

Kaka ta ɗaga masa hannu. "Zauna, Alhassan. Ke, ɗauko tulun."

Aka juye shi a faifai. Toka ta fi yawa. Da aka tsince gyaɗar, tafi biyu ce da 'yan kai.

Kaka ta daɗe tana kallon faifan. Ba ta yi faɗa ba. Hawaye ne kawai ya gangaro mata, ta share da bakin mayafi. Da dukanta aka yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

"Kaka, ki yafe mani."

"Na yafe. Amma yafewa ba ta cika tulu." Ta tura mata faifan. "Wagga ba ta isa gona ba. Bayan ɗakina za a shuka ta, kuma ke za ki yi. In ta rayu, hannunki. In ta mutu, hannunki."

Da yamma Auta ta je ta faɗa wa ƙawayenta gaskiya. Ta ɗauka za su guje ta.

Saude ta ce, "Da kin ce ba ku da komi, ai da mun ci goriba. Ke muke so, ba gyaɗa ba."

"Kuma tare muka ci," in ji Ruƙayyatu. "Ni ma na fi kowa ci, ta cikin hijabi."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Su huɗu suka ɓare gyaɗar a hankali. Kaka na zaune a kan turmi tana nuna musu zurfin rami da tazara. Kunya shida kacal suka samu. Ruƙayyatu ta kawo takin awaki. Tani ta kewaye wurin da ƙaya saboda kaji.

Gyaɗa ta tsiro, ta yi kore shar. Ta fara fure. Sai ruwa ya ɗauke.

Mako ɗaya, mako biyu. Rana kamar wuta. Ganyen ya fara naɗewa. Auta ta tsuguna a bakin kunya tana kuka.

"Kuka ba ya jiƙa ƙasa," in ji Kaka. "Rijiyar fadama ba ta ƙafe ba tukuna."

Rijiyar da nisa, ga layi. Kowace yamma 'yan matan nan sukan ɗauki bokiti su tafi. Sawu biyu, wani lokaci uku. Da moɗa suke zuba wa kowane gindi, don kada ɗigo ya tafi a banza. Wuyan Auta ya yi tsami. Tafin hannunta ya yi kanta.

Alhamis biyu ba a yi kallo ba. A ta uku Amiru ya kawo musu wayar har bayan ɗakin Kaka, bayan sun gama ban ruwa. Suka zauna a kan tabarma da 'yar magarya a kwano. Kaka ta matso da kujerarta, wai ta ga abin da ya cinye mata iri.

Da dodo ya fito, Kaka ta ce, "A'uzu billahi," ta ja mayafi ta rufe ido. Da aka gama Saude ta ce, "Kaka, nawa kika ba shi?"

"Ɗaya. Wanga ko gona bai iya zuwa, ƙafafunshi kamar na zalɓe."

Ranar Auta ta yi dariya, karo na farko cikin makonni.

Sai da aka yi fiye da wata guda sannan ruwa ya dawo. Kunya ɗaya ta riga ta mutu. Biyar suka rayu.

Ranar cira, Auta ce ta fara kama gindi ta ja. Ƙasa ta buɗe, ga 'ya'ya jingim a jiki. Ta ruga da shi wurin Kaka, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Tsohuwar ta ɓare ɗaya, ta ga jan nan da ta sani tun tana yarinya. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta jawo Auta ta rungume.

Da gyaɗar ta bushe, Kaka ta sa aka kira ƙawayen. Ta zuba kaso mafi yawa a tulu. Sauran ta raba uku, ta ƙulle kowane a tsumma, ta miƙa wa Saude da Tani da Ruƙayyatu.

"Ku kai ma iyayenku. Ba ta ci ba ce, ta shuka ce. Ni ma na yi kuskure da na bar ta gida guda. Daga yau gida huɗu take."

Sannan ta juya ga Auta, ta ba ta tsumman toshe tulu. "Ke za ki rufe shi. Baɗi kuma ke za ki buɗe."

"Ni, Kaka? Bayan abin da na yi?"

"Ke. Yanzu kin san wahalar kowace ƙwaya."

Auta ta toshe bakin tulun da hannu biyu, tana hawaye tana murmushi.

Yara, kada kunyar rashi ta sa ku taɓa abin da aka hana ku. Ƙawar kirki ba don abin hannunku take son ku ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun akwai sauran abin da za a ceta.