Gudumar Mirsad

Bayan Isha'i ne, zafin garin Dir'iyya bai sauka ba. Buraima magini na zaune gindin katanga, ya ɓoye gudumar abokin aikinsa Mirsad a buhunsa. Ya gaji da yadda mudir, shugaban aikinsu, ke yabon ɗan Bosniyan nan, mai cika baki wai da gudumar ce kakan kakansa, mai yatsu huɗu, ya sassaƙa duwatsun ganuwar kan tudun garinsu. To, gobe a ga gwanintarsa.

Sai ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya taso. Ga wani farin tsoho tsaye, rigarsa na ɗigar ruwa.

"Yaro, ciro mini abin nan. Bayana ba ya sunkuyawa."

Buraima ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa da yatsu huɗu, ya juya, ko na gode babu.