Ranar da Aka Sace Zuma

Da aka bugo waya ofishin 'yan sanda aka ce an sace mota a zauren taron unguwa, sai mai amsa waya ya nemi lambarta. Aka ce masa ai motar ba ta fi tsawon takalmi ba. Dariya ta cika ofis.

Sufeto Charmaine Tolliver ba ta yi dariya ba, domin ta ji sunan motar. Duk wanda ya tashi a wannan ɓangare na Miami ya san Zuma, tsohuwar motar Baba Lucius Whitlock da aka ɗaga sama kan manyan ƙafafu masu walƙiya, fentinta kamar an kwarara mata zuma cikin rana. Charmaine tana yarinya takan tsaya bakin titi ranar Lahadi don kawai ta ga wucewarta. Motar ta daɗe da barin duniya. Sufeto ta ɗauki makulli ta fita.

Zauren cike yake da tebura, kowanne ɗauke da 'yan ƙananan motoci na roba da aka haɗa gutsure-gutsure, aka yi musu fenti don gasar shekara. Maza ne kusan duka. Mace ɗaya ce tsaye gaban wani madubi da babu komai a kansa, ta harɗe hannuwa.

"Ke ce mai ƙara?"

"Ni ce. Keondra Whitlock. Idan dariya kika zo yi, ki bi layi, mazan nan sun riga ki."

"Aiki na zo yi. Yaushe ta ɓace?"

"Da rana aka fitar da kowa don alƙalan gasa su duba. Suka gama, suka kulle, kowa ya tafi cin abinci. Da aka buɗe, ga abin da na tarar."

"Ke kika haɗa ta?"

"Tun daga sitiyari har wayoyin inji. Kujerunta da ƙyallen kujerar Zuma ta gaske na rufe su. Fentin ma ragowar gwangwanin Baba ne, na ƙarshe, kuma na ƙarar da shi." Ta nuna madubin. "Babu ta biyu, Sufeto. Ba za a yi ba."

"Baba Lucius yana raye?"

"Yana gidan jinyar tsofaffi. Likita ya ce kwanaki suka rage masa. Tun bara ya daina gane ni. Abu ɗaya yake tambayar duk wanda ya shigo: ina Zuma? Yau da yamma na yi niyyar sa masa ita a hannu."

Charmaine ta sunkuya kan madubin. An ɗora motar a kansa ne don a ga aikin da aka yi mata ta ƙasa. Akwai 'yan huji huɗu, kowanne da guntun zare fari da ido bai cika gani ba.

"Mene ne wannan?"

"Zaren kamun kifi. Mota mai dogayen ƙafafu ba ta da wuyar kifewa, shi ya sa ake ɗaure ta ta ƙasa."

"An yanke shi da reza, huɗun duka, daidai wa daida. Da fizgarta aka yi fa?"

"Da tayoyin sun karye sun zauna a nan."

"Kenan ɓarawon ya san da zaren. Kowa ke yin haka?"

"Dabarar Baba ce. Mu kaɗai ya koya wa."

"Ku wa?"

Keondra ta kawar da kai. "Ni. Ba ni da kowa sai Baba."

Sufeto ta dube ta, ba ta matsa ba. Ta san irin wannan taurin, ita ma da shi ta rayu shekaru a ofishin da maza suka cika.

Ƙofar gaba alƙalai ne suka kulle ta. Makullin ƙofar baya kuwa yana hannun Otis Mabry, dattijo mai ƙaton ciki, tsohon abokin Baba Lucius. Charmaine ta same shi yana goge wata 'yar jar mota da auduga.

"Baba Otis, ina kake lokacin da aka kulle zaure?"

"Wajen mai kifi, 'yata. Tun da na fita ban motsa ba. Ki tambayi cikina."

"Ka ba wani makulli?"

"Ni? Ko matata ba ta taɓa shi."

"An ce ba don Zuma ba, jar motar nan taka ce za ta ci kofi."

Ya ajiye audugar. "Ki ji ni da kyau. Ni na riƙe wa Lucius fitila ranar da ya fesa wa Zuma fenti. In saci aikin 'yarsa don kofin roba? Haba!"

A bakin zaure Verlene mai suyar kifi tana juya kasko, gumi na zuba.

"Otis? Ya zo mana. Faranti biyu ya saya."

"Biyu? To ai da alama zai iya."

"Zai iya huɗu ma. Amma ɗaya ya ce kada in sa barkono. Otis da ke shan barkono kamar shayi! Na ce masa, tsoho, ka yi budurwa ne? Ya ce in rufe masa baki. Ya kwashi abinsa ya zagaya baya."

Charmaine ta koma ciki. Wannan karon ba ta zauna ba.

"Wa ba ya cin barkono, Baba Otis?"

Dattijon ya shafa gemu.

"Ko ka faɗa a nan, ko ka faɗa a ofis. A can babu kifi."

"Dontrell ne," ya ce a hankali. "Wan Keondra. Ya rantse mini gani kawai zai yi. Ya ce shekarunsa nawa bai sa Zuma a ido ba, ko ta roba ce a bar shi ya kalla. Na buɗe masa, na tsaya a waje ina cin kifina. Da na gama na leƙa, ba shi, ba mota."

"Me ya hana ka faɗa?"

"A hannuna aka haife shi. Kuma yarinyar nan ta hana a ambaci sunansa a gabanta."

"Saboda me?"

"Shi ya kashe Zuma. Ya ɗauke ta ba izini ya tafi tseren titi, ya rungumi ginshiƙin gada da ita. Shi ya fito da rai, ita ko sai gwangwan."

Dontrell Whitlock yana aiki a wani shagon taya da ke bakin babban titi. Rana ta take, kwalta har laushi take yi. Charmaine ta same shi durƙushe yana kwance ƙafar wata babbar mota. Dogo ne ramamme, da tabo a goshi.

"Ka je zauren taro yau?"

"Me zan je yi? Na bar wasan yara tuntuni."

"Otis ya ce ya buɗe maka ƙofa."

"Otis ya tsufa. Jiya ma da sunan Lucius ya kira ni."

"Ba ka ci kifi ba kenan?"

"Ba na cin kifi, ranki ya daɗe. Ki bincike shagon idan kina so."

Ya faɗa da sauri, har da nuna mata ƙofa. Ta leƙa ciki, tayoyi ne kawai da ƙarafa da zafi kamar tanda. Da ta fito sai kunnenta ya kama ƙarar inji. Can ƙarƙashin wata bishiya wata tsohuwar mota ce fara a tsaye, gilasai a rufe, an tokare na gaba da kwali. Ruwa na ɗiga ƙarƙashinta.

"Motar wa ce waccan?"

"Tawa."

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa."

"To wa ake yi wa sanyi?"

Ta taka zuwa wajen motar, ta buɗe ƙofar direba. Iska mai sanyi ta bugi fuskarta. A kujerar gefe akwai kwalin takalmi, an ja masa bel kamar fasinja. Ta miƙa hannu wajen makulli.

"Ɓarnar mai kake yi. Bari in kashe maka."

"Kada ki kashe!" Ya jefar da sifana ya taho a guje. "Don Allah kada ki kashe! Fentin bai gama kamawa ba, zafin nan zai narkar da shi, robar ma ta lanƙwashe..."

Ya tsaya cak. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Charmaine ta ɗaga murfin kwalin. Zuma ce, kwance cikin tsohuwar riga mai laushi, an tallafe kowace ƙafa da auduga. Ko madubin gefe bai goce ba. Har 'yar lotsawar da ke bayan motar ta gaske, yarinyar nan ta yi ta.

"Sayarwa za ka yi?"

"Sayarwa?" Ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya. "Ranar da na farfasa ta, Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya ce, kada ka sake tako mini gida sai da motata. Na ɗauka fushi ne zai wuce. Ina jira ya huce, ina jira, sai aka ce mini ya manta da kowa. Ta yaya mutumin da ya manta ka zai yafe maka?"

"Shi ne ka sace."

"Gani na je yi, wallahi. Da na gan ta sai na ce ga motarsa. In shiga da ita a hannuna in ce, Baba, na kawo. Shi kenan. Daga nan in mayar."

"Me ya hana ka?"

"Na je har bakin ƙofar gidan jinyar. Na kasa fita daga mota. Ba ni na haɗa ta ba, Sufeto. Ko ya manta komai, Baba ya san aikin hannuna."

Ta sa masa ankwa. Bai yi gardama ba, sai dai ya ce ta riƙe kwalin ta ƙasa.

A ƙa'ida ofis ya kamata ta wuce da shi da kayan shaida. Ta dubi rana ta ga ta fara karkata. Ta ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, ta kira Keondra ta ce su haɗu a gidan jinya.

Keondra na tsaye a bakin ƙofa lokacin da suka iso. Ta karɓi kwalin, ta duba, sannan ta hango wanda ke kujerar baya.

"Yaya," ta ce, kamar kalmar na da ɗaci. "Ka kashe ta gaske, yanzu ka dawo ɗaukar tawa."

"Keondra, ki bar ni in..."

"Ni na wanke shi. Ni na ba shi abinci a baki yana tofa mini, yana kirana da sunan matattu. In tashi daga aiki in zo nan, in tashi daga nan in zauna kan tebur da matsefata har idona ya yi ja. Ba ka bugo waya ba ko sau ɗaya. Yanzu kai za ka shiga da ita a ce ka kawo?"

"Za ki janye ƙara?" sufeto ta tambaya.

"Ba zan janye ba."

Ta juya ta shiga. Charmaine ta tsaya jikin mota. Daga nan ana hango baranda, inda aka fito da wani tsoho a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafafu. Keondra ta durƙusa ta ɗora masa Zuma a tafin hannu.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga ta sama, hasken yamma ya kama fentin. Ya sa ɗan yatsa ya juya taya ɗaya. Sai ya yi dariya, har a bakin titi ana ji. Ya ce wani abu. Keondra ta sunkuyar da kai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A cikin mota Dontrell ya manna goshi da gilashi.

Da ta fito, idanunta sun yi ja amma a bushe suke. Ta wuce sufeto, ta ƙwanƙwasa gilashin baya. Charmaine ta sauke shi.

"Ya gane ta?" Dontrell ya tambaya.

"Ya gane ta."

"Ke fa?"

"Ya ce mini na gode, baiwar Allah." Ta ja numfashi. "Sannan ya ce wa ya wanke ta haka tana ƙyalli, Dontrell ne? Ya ce yaron nan ya daɗe a waje, a ce masa ya shigo ya ci abinci."

Dontrell ya juya ya dubi barandar.

"Na ce masa kana hanya," in ji Keondra. "Ban saba yi masa ƙarya ba, kada ka sa in fara. Idan sun sake ka, ka zo da ƙafarka, hannunka babu komai, ka kuma roƙi Allah ka same shi."

Ta gyara tsayuwa ta dubi Charmaine.

"Tafi da shi, Sufeto. Ni zan koma, lokacin ba shi abinci ya yi."

Charmaine ta tayar da mota. Ta bi ta gaban barandar a hankali yadda ba ta taɓa tuƙa mai laifi ba. Dontrell ya juya yana kallo ta gilashin baya har suka sha kwana.